Itacen Da Ya Tsufa Babu Magaji

A cikin itatuwan ƙasashen arewacin duniya, da wuya a sami wanda mutanen can ke girmamawa kamar itacen nan da Turawan Ingila ke kira oak. Larabawa na ce da shi balluɗ, mutanen ƙasar Meziko kuwa ensino su ke kiransa. Da katakonsa a ke ƙera manyan jiragen ruwa a zamanin da, da shi a ke yin azarar gidaje da gangunan ajiya, ɓawonsa kuma majema ke jima da shi. Ɗansa wani ɗan ƙwallo ne mai ɓawo sumul, wanda ke zaune cikin wani ɗan ƙoƙo sai ka ce hula. Irinsa ya fi ɗari huɗu a duniya, ƙasar Meziko kuwa ita ta fi kowace ƙasa yawan ire-irensa, gama nata sun haura 150. Wannan labari na ɗaya ne daga cikinsu, wanda ba shi tsirowa da kansa ko'ina a bayan ƙasa sai a wani ɗan lungu guda, ga shi kuwa yau shekara ɗari ko fiye tsofaffinsa na zuba 'ya'ya, amma magada sun ƙi tashi.

A yammacin Meziko akwai wani dogon zirin ƙasa da ya miƙa cikin teku, tsawonsa ya fi mil 700, sunansa Baha Kalifoniya. Tekun Fasifik na yamma da shi, wani siririn teku kuma ya raba shi da sauran ƙasar ta gabas. Galibinsa hamada ce, sai duwatsu da ƙaya. Can a ƙarshensa na kudu akwai jerin tsaunuka da a ke kira Sierra La Laguna, waɗanda ƙololuwarsu ta yi kusan ƙafa 7,000. Daga waɗannan tsaunuka ƙoramu ke gangarowa gabas da yamma zuwa teku. A bakin ƙoramun nan, cikin rairayi, itacen ke tsirowa, shi ya sa mutanen wurin ke ce da shi encino arroyero, watau ensinon ƙorama. Babban itace ne mai faɗin kai, ya kan kai ƙafa 50 ko fiye. Ganyensa ƙanana ne masu kauri, ba ya kuwa kakkaɓe su da rani, saboda haka ko da tsakar bazara, sa'ad da sauran daji ya yi fari fat, shi yana nan shar da inuwarsa. Ƙwallonsa dogo ne siriri, kamar ɗan yatsa.

Asalinsa kuwa daɗaɗɗe ne ƙwarai. Masana sun gwada jininsa, watau ƙwayoyin gadon da ke cikin ganyensa, da na danginsa, suka tarar ɗan'uwansa na kusa yana can nesa a jihar Texas ta Amurka da arewa maso gabashin Meziko. Bisa ga lissafinsu, kimanin shekara miliyan biyar ke nan da rabuwarsu, lokacin da ƙasa ta tsage, teku ya kwararo ya yanke zirin nan daga uwar ƙasa. Da zamani ya yi ta tafiya sai wurin ya yi ta bushewa, hamada ta mamaye tsakani, itacen ya yi ta ja da baya har ya maƙale a bakin ƙoramu, inda saiwarsa ke iya kai wa ruwan da ke kwance ƙarƙashin rairayi.

Ruwan sama a ƙasar nan kaɗan ne, ba shi kuma da tabbas. Damina gajera ce, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, mafi yawan ruwan kuwa guguwar teku ke kawo shi. Wata shekara a sami ambaliya, ƙorama ta cika ta batse cikin dare ɗaya, ta kwashe duwatsu da itatuwa, bayan 'yan kwanaki ta ƙafe. Wata shekara kuma ko ɗigo na kirki ba a gani. Wajen ƙarshen shekara ƙwallayen ke nuna su zubo. Da ƙwallo ya faɗi a ƙasa mai laima ba ya jira, nan da nan sai ya jefa saiwa ƙasa, ya tara abincinsa cikin wani ɗan kumburi a gindin saiwar, kamar ɗan rogo, kāna ya fid da kai sama. Da wannan guzuri ya ke fuskantar ranin farko. In ya tsallake rani biyu ko uku, saiwarsa ta kai ga ruwa, to, yana iya rayuwa shekaru ɗaruruwa.

Mutanen da suka fara zama a wannan lungu su ne wata kabila da a ke kira Pericú. Ba su noma, ba su kiwo. Su masunta ne da mafarauta, suna kama kifi, suna tsintar kawa a bakin teku, suna cin 'ya'yan itatuwan daji kowane a lokacinsa. A zamaninsu masu cin ƙwallon ensino su ne barewa da ɓeraye da tsuntsaye da ƙwari. Waɗannan kuwa tun fil azal su ke tare da itacen, abin da su ke ci bai hana wasu ƙwallayen tsira ba. Har ma tsuntsu ko ɓera ya kan ɗauki ƙwallo ya binne don gaba, ya manta, ya zama ya yi shuka bai sani ba.

A cikin shekara ta 1535 Hernán Cortés, jarumin nan na Sifen da ya ci daular Aztek da yaƙi, ya sauka a gaɓar da garin La Paz ya ke a yau, yana neman lu'ulu'u. Yunwa da ƙishirwa suka kori mutanensa, zaman bai ɗore ba. Shekara fiye da 150 Turawan Sifen na zuwa suna komawa, ƙasar ta gagare su. Sai a shekara ta 1697 wani limamin Kirista na ɗarikar Jesuwit, mai suna Juan María de Salvatierra, ya kafa mishan a Loreto, wadda ta zauna da gindinta. Daga nan limaman suka yi ta gusawa kudu. Aka kafa mishan a La Paz a 1720, aka kafa ta Santiago a gindin tsaunukan nan cikin shekarun da suka biyo, sa'an nan San José del Cabo a 1730, da Todos Santos a 1733. Tun da ya ke babu ruwa sai a bakin ƙorama, sau da yawa cikin mazaunin ensino suka sauka. Ba su kuwa zo hannu sake ba. Sun zo da dabino da inabi da rake, sun kuma zo da shanu da awaki da tumaki da dawaki da alfadarai da aladu, dabbobin da ƙasar ba ta taɓa gani ba.

Zaman limaman da Pericú bai yi daɗi ba. Limaman suka tsananta wajen hana su al'adunsu, musamman auren mace fiye da ɗaya. A shekara ta 1734 Pericú suka yi bore, suka kashe Lorenzo Carranco, limamin Santiago, da Nicolás Tamaral na San José del Cabo. Aka kawo sojoji daga hayin teku aka murƙushe su. Abin da takobi ya bari, annoba ta ƙarasa, gama cututtukan da baƙi suka kawo, irin su agana da ƙyanda, sun yi musu kisan kiyashi cikin shekarun 1740. Kafin ƙarshen ƙarnin nan kabilar ta watse, harshenta ya mutu. Su kansu limaman Jesuwit ba su daɗe ba, don Sarkin Sifen Carlos na Uku ya kore su daga dukan ƙasashensa, suka bar Loreto a watan Fabrairu na 1768. Mutane suka shuɗe, amma dabbobin suka zauna, suka yi ta hayayyafa, wasu har suka zama na jeji.

Abin da ya daɗa yawan dabbobi shi ne haƙar azurfa. A shekara ta 1748 wani tsohon sojan mishan, Manuel de Ocio, wanda ya yi arziki da cinikin lu'ulu'u, ya buɗe mahaƙa a Santa Ana, arewa da tsaunukan. Ba a jima ba aka kafa garin San Antonio kusa da nan. Mahaƙa na bukatar nama da fata da kitse da alfadaran dako, suna kuma bukatar itacen wuta mai yawa don narka dutse. Sai tsofaffin sojoji da barorin mishan suka bazu cikin kwaruruka, kowa ya sami idon ruwa ya kafa ruga, ya yi ɗan lambu ya kewaye shi da shinge. Bayan shekara ta 1862 aka sami sabuwar azurfa a El Triunfo, garin ya cika da dubban mutane, har wani kamfani ya gina doguwar hasumiyar hayaƙi wadda ke tsaye har yau. Aka rufe mahaƙar a 1926, garin ya koma kufai, amma rugage suka ɗore. Zuriyar waɗancan makiyaya su ne ke zaune a kwarurukan Sierra La Laguna har wa yau.

Kiwon mutanen nan kuwa sake ne. Ba a bin dabba da sanda, ba a kuma ɗaure ta. A kan yi mata shaida a saka ta daji, ta nemi abincinta, sai lokacin tatsa ko sayarwa a tattaro ta. To, a ƙasar da babu inuwa babu ruwa sai a ƙorama, ina saniya za ta yini in ba gindin ensino ba? Nan ta ke kwanciya, nan ta ke tattake ƙasa, nan akuya ke tsinke duk wani ɗanyen tsiro da ya ɗaga kai, aladu kuma na bin gindin itacen suna kalen ƙwallaye tun ba su yi saiwa ba.

Duk wannan zamani masanan tsirrai ba su san da itacen ba. Wanda ya fara bincika tsirran wannan lungu sosai shi ne wani Ba'amurke, Townshend Stith Brandegee, wanda aka haifa a 1843. Aikinsa na fari awon ƙasa ne da na hanyar jirgin ƙasa, amma son tsirrai ya rinjaye shi. Ya fara zuwa Baha Kalifoniya a 1889, shekarar da ya auri Katharine, wata masaniyar tsirrai ta birnin San Francisco. An ce bayan ɗaurin aurensu da ƙafa suka taka daga San Diego har San Francisco, tafiyar mil 500, suna tsinkar ganyaye a hanya. Ya yi ta komowa kudancin zirin nan, ya kuma wallafa bayanin tsirransa a 1891. Daga baya, cikin 1905 da 1906, wasu ma'aikatan gwamnatin Amurka biyu, Edward Nelson da Edward Goldman, suka ratsa zirin tun daga kai har wutsiya a kan dabbobi. Goldman ne ya tabbatar ensinon ƙorama iri ne dabam, ya raɗa masa suna a 1916, ya ce da shi Quercus brandegeei, don tunawa da Brandegee.

Wani abin tausayi shi ne, wajen lokacin da itacen ya sami suna a littattafan masana, wajen lokacin ne haihuwarsa ta tsaya. Ba a lura da wuri ba, domin itace ba ya kuka. Wanda ya bi ƙorama ya ga manyan itatuwa shar, suna zuba 'ya'ya buhu buhu, ba zai ce akwai wata damuwa ba. Har ma ya kan ga 'yan tsirrai kewaye da gindin tsohon itace ya zaci 'ya'ya ne, alhali kuwa tohon saiwar uwar ne, jikinta ne ya sake ɓullowa. Sai da masana suka shiga auna kaurin itatuwa ɗaya ɗaya, kwari bayan kwari, sa'an nan suka ga akwai tsofaffi, amma babu matasa, babu yara. Garin da ba a jin kukan jariri a cikinsa, ko da dattawansa na da ƙoshin lafiya, kowa ya san inda ya nufa.

A ranar 6 ga watan Yuni na 1994 gwamnatin Meziko ta keɓe Sierra La Laguna ta zama gandun daji, mai faɗin eka fiye da 270,000, a 2003 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin gandayen da ta ke kula da su. Wannan ya hana sara da ɓarna mai yawa a kan tsaunuka. Amma ensinon ƙorama a gindin dutse ya ke, da yawansa ma a wajen iyakar gandun, dokar kuwa ba ta tashi makiyaya daga gadon kakanninsu ba, ba ta kuma ƙara ruwan sama ba. Ga shi kuma tun da aka gama hanyar mota mai ratsa zirin a 1973, yankin ya zama jiha a 1974, sai garuruwan bakin teku suka cika da masaukan baƙi masu yawon buɗe ido, bukatar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta yi ta hauhawa. Zafi ya ƙaru, fari ya riƙa daɗewa. A 2016 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, wadda a ke kira IUCN, ta tabbatar da sunan itacen cikin waɗanda a ke tsoron ƙarewarsu.

Mai karatu zai ce, ai sai a tara irin a ajiye. Haka a ke yi da sauran tsirrai. A ƙasar Ingila akwai wani babban rumbun iri da aka buɗe a shekara ta 2000, akwai kuma wani a tsibirin Svalbard na ƙasar Norway, cikin dutsen ƙanƙara, wanda aka buɗe a 2008. A can a kan busar da iri sarai, a rufe shi cikin sanyi mai tsanani, ya yi shekaru da yawa bai mutu ba. Gero da dawa da alkama duk suna jure wannan. Ƙwallon ensino kuwa ba ya jurewa. Shi da ruwansa ya ke rayuwa, in ya bushe ya mutu, in kuma aka daskarar da shi da ruwan a ciki, ƙanƙara ta farfasa cikinsa. Ko an lallaɓa shi cikin sanyi kaɗan, 'yan watanni ya ke yi. Saboda haka wannan itace ba shi da rumbu sai ƙasa. Wanda ke son ya ajiye shi, tilas ya shuka shi, ya yi renonsa.

A nan ne wani lambun itatuwa na ƙasar Amurka ya shigo cikin labarin. Sunansa Morton Arboretum, yana kusa da birnin Shikago. Wani attajirin gishiri, Joy Morton, shi ya kafa shi a 1922, ubansa kuwa shi ne ya ƙago ranar dashen itatuwa a jihar Nebraska a 1872. Masanan wannan lambu, tare da abokan aikinsu, suka wallafa lissafin itatuwan oak na duniya a 2020. Suka duba iri 430, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin haɗari, 36 a ƙasar Sin, 32 a Meziko. Tun kafin wannan lissafi ya fito, wata masaniyarsu mai suna Silvia Alvarez-Clare ta haɗa kai da masanan cibiyar binciken halittu ta La Paz da na babbar jami'ar Meziko, don su gano abin da ke kashe 'ya'yan ensinon ƙorama.

Gwajin da suka yi mai sauƙi ne, kowane manomi zai gane shi. Suka zaɓi wurare a bakin ƙoramu, suka kewaye wasu da waya, suka bar wasu a buɗe, suka shuka ƙwallaye a duka biyu, suka riƙa komowa suna ƙirga. Abin da ya fito shi ne, irin lafiyarsa lau, yana tsira sosai. A fili, dabbobi kan cinye ƙwallon ko su tattake tsiron. A cikin shinge kuwa tsirrai kan tashi, ko da ya ke a nan ma fari na kashe wasu da rani, ɓeraye kuma na satar wasu. Ashe nauyi biyu ne suka haɗu a kan ɗan tsiro, ga baki da kofato, ga ƙishirwa. Shekarar ruwa mai kyau, wadda a da ita ce ke ba sabon zubi damar tashi, yanzu ba ta zuwa sai jefi jefi, in ta zo kuma dabbobi na nan suna jira.

Da aka san cutar, sai maganar magani. Da masanan sun nemi a kori dabbobi daga ƙoramu, da sun ja wa itacen gaba a wurin mutanen da ke kwana suna tashi da shi. Shanu da awaki su ne dukiyar makiyayan nan, da cukunsu da namansu su ke ciyar da iyali. Su ma kuwa suna son itacen, don a inuwarsa dabbobinsu ke tsira da bazara, ƙwallonsa ke ƙibar da aladunsu, tsofaffinsu kuma sun san yadda a ke niƙa shi a dama wani irin kunu da su ke kira atole. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Saboda haka aka zauna da mutanen wani kwari da a ke kira San Dionisio, kusa da Santiago, aka yi shawara. Aka kafa wurin renon dashe a can, mutanen wurin ke lura da shi. Sa'an nan aka ɓullo da wata dabara, kowane gida ya karɓi 'yan tsirrai riƙo, kamar yadda a ke karɓar maraya, ya dasa su cikin lambunsa, inda da ma akwai shinge, akwai ruwa. Aka kuma fara yin bikin itacen, inda a ke taruwa a ci abincin da aka yi da ƙwallonsa, a nuna wa yara yadda a ke shuka shi.

Renon ensino ba shi da wani asiri, sai dai yana son kula. A kan tsince ƙwallaye da zarar sun zubo, tun rana ba ta busar da su ba. A zuba su cikin ruwa, waɗanda suka taso sama a zubar, don galibi tsutsa ta cinye cikinsu. Waɗanda suka nutse a shuka su nan da nan, a kwance, ba da zurfi ba, cikin tukunya mai tsawo, gama saiwar ke fara tafiya, in ta tarar da gindin tukunya ta naɗe, itacen ba zai yi ƙarko ba. A ajiye su a inuwa, a tsare su daga ɓera. In sun yi ƙwari a dasa su, a kafa musu kariya, a riƙa ba su ruwa da rani har saiwa ta kai inda za ta sha da kanta. Wajibi ne kuma a ɗebo iri daga itatuwa da yawa, na ƙoramu dabam dabam. In daga uwa ɗaya aka ɗebo duka, cutar da ta kama ɗaya ita za ta kama saura. An kuma kai wasu lambunan masana a Meziko da Amurka, don ko wani bala'i ya auka wa na gida a sami abin komawa.

Ba a gama wannan aiki ba, ba kuwa mai iya cewa an yi nasara tukuna. Ensino ba ya gaggawa. Tsiron da aka dasa bana sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya zuba ƙwallonsa na fari, kafin kuwa ya yi inuwar da garke zai kwanta ƙarƙashinta, wanda ya dasa shi ya daɗe da barin duniya. Tsofaffin itatuwan kuma suna ta raguwa, wani ambaliya ta tumɓuke, wani fari ya busar. Abin da a ke tsere da shi ke nan, a sami matasa su kai ƙarfi tun iyayen na da sauran iri. Itacen da ya ga tsagewar teku, ya ga zuwan Pericú da ƙarewarsu, ya ga limamai da mahaƙan azurfa sun zo sun wuce, yau rayuwarsa ta rataya ga shingen lambu da bokitin ruwa a hannun jikokin mutanen da suka kawo masa akuya.